Geron da Muka Binne

A shekara ta biyu da zamanmu a Gusau ne Malam, wato maigidana, ya fara maganar binne. Da hantsi ya kawo ta, ina tsaka da wanke-wanke, kuma ya faɗe ta a hankali kamar mai gaya mini gishiri ya ƙare. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da cuɗar tukunya har na kusa huda ta.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ce mene ne abin tsoro a binne. Shuka ce kawai da ake yi kafin ruwa ya sauka. A ƙarshen bazara, ƙasa a bushe ƙamas, mutum ya sassara ramuka a gonarsa, a zuba irin gero a rufe, a bar shi ya jira ruwan farko. In ruwan ya zo da ƙarfi ka riga kowa. In yayyafi ya yi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone, sai ka yi haƙuri ka sake. Iyayenmu sun yi, kakanninmu sun yi, ni kaina na yi tun ban iya ɗaura zane ba. Abin da ya tsorata ni shi ne inda gonar take. Tana can bayan Kucheri, a ƙauyen da muka baro da tsakar rana da kaya a ka, ba mu ko tsaya rufe rumbu ba.

Mutanen birni suna son tambayarmu ranar da abin ya fara, kamar wani abu ne da ya faɗo daga sama. Ni dai a sanina ruwan sama ne ya fara canza hali. Lokacin da aka kawo ni gidan Malam, tsofaffi sukan dubi gawo, in ya fara zubar da ganye su ce a gyara sungumin shuka, kuma maganarsu ba ta faɗuwa ƙasa. Daga baya gawo ya zubar da ganye har ya gaji, sama tana nan fes. In ruwan ya tashi zuwa kuma sai ya zo da fushi, ya zubar da na wata guda a yini ɗaya, ya kwashe bayan ƙasa ya tafi da shi. Haka kwazazzabo ya buɗe baki a gabas da gonarmu, kowace damina ya ci kaɗan daga kunyoyin gonar. Da amfani ya ragu, kowa ya ga mafita ita ce ya ƙara faɗin gona. Aka shiga daji da gatari. Burtalin da shanu suke bi aka yi ta matse shi daga hagu da dama, har ya koma kamar hanyar zuwa rijiya. Fulanin da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda wata mata daga cikinsu take kawo mini nono tana zolayata wai furata ta cika yaji, suka kwashe suka yi gaba ba sallama. Sai rigingimu, yau an ci gona, gobe an sari saniya. Daga nan sai mutanen daji a kan babura da bindigogi, waɗanda ba su tambayar wa ya ci gonar wa.

Mun fara sauka a Bungudu wurin yayata. Ta karɓe mu hannu biyu, Allah ya saka mata. Amma a daminar nan gulbi ya cika ya shanye musu shinkafar fadama, na ga tana auna hatsi tana kallon bakunan yara, nata da nawa. Ban jira ta yi magana ba. Muka wuto Gusau. Wani Alhaji ya bar mu mu zauna a kangonsa a bakin gari, mu riƙa sa ido a kan bulo da yashinsa. Ranar da na fara share tsakar kangon na ga ƙasar tana hawa tana sauka a jere, na tsaya da tsintsiya a hannu. Tsofaffin kunyoyi ne. Ashe gonar wani ce aka yanka filaye. Na ce da Malam ga mu mun gudo daga gona mun faɗo gona, sai dai wannan bulo take haifa. Bai yi dariya ba.

Malam ya kama tura kurar ruwa. Mutumin da bai taɓa sayen hatsi a mudu ba, shi ne yake bin layi yana tallar jarka. Bai taɓa kuka da aikin ba, amma ina lura da shi. In ya ga hadari ya haɗu sai ya tsayar da kura a tsakiyar hanya ya ɗaga kai, masu mashin suna ta danna masa ham.

A garinmu gona ba ta da takarda. Abin da ke riƙe ta shi ne ciyawar gamba da aka dasa a iyaka, da kuma idon mutane da ke ganinka a cikinta kowace damina. In ka bar ta ta koma saura, shekara ɗaya a ce lalura ce. In aka ci gaba, maƙwabci zai fara shigo da kunyoyinsa cikinta, ko mai gari ya ba wani aro, kuma aron da ya daɗe kowa ya san inda yake ƙarewa. Malam ya haɗu da wani ɗan garinmu a tasha, mutumin ya raɗa masa cewa an fara maganar gonarsa, wai maƙwabcinmu yana son shigo mana da kunya. Gonar da ubansa ya sare da hannunsa, ita kaɗai ta rage mana a duniya da za mu nuna mu ce tamu ce. Tun daga ranar barcinsa ya ragu.

Ya tsara mini dabararsa tiryan-tiryan. Wai yanzu bazara ce, daji a tsirara yake, ba ciyawa ba ganye, mutum zai hango babur tun daga nesa. Wai aikin safiya guda ne, mu binne mu juyo. In gero ya tsiro, duk wanda ya wuce zai san gonar tana da mai ita, shi ke nan an rufe bakin masu magana. Na tambaye shi wa zai nome geron in ya tsiro.

Ya ce, “Ba sai an nome ba. A dai ga ya tsira, shi na kawai.”

Na dube shi sama da ƙasa. Na zauna da mutumin nan har gashina ya fara fari, na san ko gonar wani ya ratsa ya ga ciyawa sai ya sunkuya ya cire. Shi ne zai ce mini zai bar geronsa cikin ciyawa ya zauna a Gusau yana tura ruwa. Na gaya masa haka ƙiri-ƙiri, na ƙara da wasu maganganun da ba sai na maimaita ba, don Allah ya yi ni da baki. Ya bar ni na gama, sannan ya ce zai tafi da babban ɗanmu.

Binne aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba da sungumi yana sara, ɗaya yana biye da ƙoƙon iri, ya jefa ya rufe da diddige. Ɗanmu a lokacin gemu ya fara tsiro masa, daidai irin waɗanda mutanen daji suke kwashewa. Na ce sai dai a bi ta kan gawata. Malam ya ce to ya zai yi, ba shi da hannu huɗu. Na ji bakina ya ce ni zan je, tun kafin zuciyata ta yarda.

Da sassafe muka shiga motar Tsafe a tasha. Malam ya cire wa sungumi ƙota ya naɗe ƙarfen a buhu, irin gero kuma yana cikin tsohon zanena a cinyata. Hanyar nan na san ta da surutu, mata suna cinikin gyaɗa ta taga, ana gardamar farashin taki. Ranar har muka wuce dutsen Kwatarkwashi ban ji wanda ya yi tari ba. Direba yana gudu yana leƙen motocin da ke tahowa, domin in hanya ta yi shiru ba mai zuwa daga gaba, kowa ya san an tare ta ke nan. Wata tsohuwa kusa da ni tana jan carbi, ni kuwa duk addu'ar da na kamo sai ta tsinke a tsakiya in koma farko.

A Tsafe muka hau mashin zuwa Kucheri. Daga nan duk ɗan acaɓar da Malam ya gaya wa sunan ƙauyenmu sai ya girgiza kai ya kau da fuska. Muka taka da ƙafa.

Garin yana nan kuma ba ya nan. Wasu gidajen jinka ta rufta, wasu katangar ta zube, ga tumfafiya ta fito a ƙofar masallaci. Waɗanda suka rage suna gaisawa ƙasa-ƙasa, ba mai tsayawa tambayar mutanen gida. Muka leƙa wurin gwaggon Malam, tsohuwar da ta ce ita ba inda za ta, a nan za a rufe ta. Ko ruwa ba ta bari mun sha ba ta kama hannunsa.

“Mi ya kawo ku? Wa ya aiko ku? Ku da Allah ya hid da, kunka komo da ƙahwahunku?”

Malam ya ce mata binne za mu yi mu juya. Ta ce in mun ji ƙarar babur kada mu gudu a fili, kuma kada mu dawo ta cikin gari. Ya ari ƙota a gidanta ya ɗaura sungumi.

Da na ga gonar sai da ƙwalla ta zo mini, duk da tsoron da nake ciki. Gambar iyaka ta bushe amma tana tsaye. Kwazazzabo ya ƙara ci, ya kusa kai wa tsamiyar da muke hutawa. Malam ya yi bisimilla ya kai sara, na bi bayansa. Ya sara, in jefa, in rufe. Ƙasar tana da zafi har ta cikin takalmi. Ba ya waiwaye, don mai sara ba ya waiwaye, layinsa zai karkace. Ni kuwa wuyana kamar na mujiya, ina duba gabas ina duba yamma, kowane kututture sai in ga kamar mutum ne a tsugune.

Muna cikin haka wani tunani ya zo mini. Tun da ba ya ganin bayansa, me zai hana in riƙa rufe ramukan ba iri? Ba abin da zai tsiro, a ce tururuwa ta kwashe ko zafi ya kashe, shi ke nan ba noma ba komawa. Na riƙe tunanin nan har ƙarshen layi. Amma hannun da ya saba ba ya jin magana. Kafin in yanke shawara yatsuna sun riga sun jefa, diddige ya rufe. Kuma gaskiya ban iya ba. Ina kallon bayan rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana sara da ƙarfin da ban ƙara gani a jikinsa ba tun da muka bar garin, na kasa cin amanarsa.

Mun ci fiye da rabi sai na ji ƙarar. Da farko kamar ƙudan zuma daga nesa. Na kira shi, muryata ta ƙi fita, sai na jefe shi da hogen ƙasa. Ya tsaya ya saurara, ya fisgi hannuna muka gangara cikin kwazazzabon nan, muka manne da bango. Babura ne, ban san adadinsu ba kuma ban so in sani ba. Suna tafe a hankali ta tsohon burtali, har ina jin hirarsu da dariya, wani ma rediyo yake ji. Ƙasa tana zubo mini a wuya. Na tuna mun bar ƙoƙon iri a fili, ga sabbin ramuka a jere, ko makaho ya san yanzu aka yi su. Na ji fitsari ya kama ni. Na riƙa kiran sunayen 'ya'yana a zuci ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin wa zai gaya musu, kuma da wane baki. Ƙarar ta rage gudu daidai gonarmu, na rantse ta rage, sannan ta ci gaba ta yi yamma.

Mun daɗe a ramin bayan ƙarar ta ɓace. Da muka fito na nufi hanya. Na waiwaya, sai na ga Malam ya ɗauki sungumi ya koma kan layin da ya tsaya. Wallahi da ina da ƙarfi da na kwaɗa masa ƙoƙon nan. Na ce masa ashe haukar tasa ta kai nan. Ya ce saura kaɗan, kuma in an bar gefe guda ba shuka, ta nan za a fara shigowa. Haka na bi shi ina kuka ina jefa iri har muka kai gamba. Ba mu koma ta cikin gari ba. Kafin la'asar muna Gusau, na kwanta zazzaɓi ya rufe ni.

Daga nan sai jiran ruwa. Ni 'yar manoma ce, tun ina goye ake koya mini murna da hadari. Shekarar nan in na ga gabas ta yi baƙi sai gabana ya faɗi. In an yi ruwa a Gusau, Malam ya fita ya tona ƙasa da yatsa ya ga iya inda ya shiga, kamar a nan ya yi shukar. In ce masa ruwan Gusau daban na Kucheri daban, yanzu ruwa unguwa-unguwa yake yi. Ina faɗa ne don in kwantar da hankalina. A raina ina fatan yayyafi ya yaudari irin nan ya ƙone, sannan in yi istigfari, don ban taɓa jin wanda ya yi wa shukarsa irin wannan fata ba.

Labari ya zo ta bakin wani direban da ke jigilar Tsafe. Ya ce an yi ruwa a yankinmu kamar da bakin ƙwarya, aka kwana biyu aka ƙara, kuma duk wanda ya bi ta burtali maganar geron Malam yake yi. Ya tsiro ba gurbi, kore shar, shi kaɗai a tsakiyar saura. 'Yan garinmu da ke zaune a unguwar suka riƙa shigowa yi mana barka. Har maƙwabciyarmu, matar wani ma'aikaci daga kudu da ke sayen ruwa wurin Malam, ta leƙo ta taya ni murna, ta ce yanzu za mu ci tuwon gonarmu. Na yi mata godiya, na shiga ɗaki na zauna a kan buhu.

Bai yi mako biyu ba ya fara wasa hauya a kan dutse. Na tuna masa maganarsa ta ba sai an nome ba. Ya ce ai bai san zai yi kyau haka ba. Na roƙe shi da Allah da Annabi, na ce yanzu ciyawa ta tashi, ganye ya rufe daji, ba ya hango kowa sai an zo kansa. Na sa yayata ta zo daga Bungudu ta yi masa magana, na haɗa shi da limamin unguwa. Duk ya saurare su da ladabi, ya ce to. Ya ce mini noman farko ne kawai, ya kwana wurin gwaggo, jibi yana gida. Da safe ya rataya hauya ya fita. Na bi shi har bakin titi, sannan na juyo.

Jibi ta zo ta wuce. A ƙauyenmu waya ba ta shiga sai an hau tudu, na yi ta kiran layinsa ana ce mini a kashe yake. Na fara zuwa tasha kullum, in zauna kusa da mai ƙosai ina duba duk motar da ta shigo daga Tsafe. Direbobi suka gane ni, in sun hango ni sai su sunkuyar da kai. Wani ya ce ya ji an tare mutane a gonaki a bayan Kucheri, wani ya ce a'a, can wajen Mada ne. Wayata kuwa ta zama abin tsoro a hannuna. Duk mutumin yankinmu ya san abin da baƙuwar lamba take nufi, kuma ya san muryar masu neman kuɗin fansa zai ji. In ta yi ƙara sai in kasa ɗauka, in ba ta yi ba in riƙa duba ko caji ne ya ƙare. Ban san wanne na fi tsoro ba, a kira ni ko kada a kira. Ɗanmu ya ce zai bi sawun ubansa, na ce in ya taka ƙofar nan ban yafe masa nonona ba. Ban taɓa gaya wa ɗana irin wannan magana ba sai ranar.

Ya fi mako kafin ya dawo. Da rana tsaka ne, na dawo daga tasha ke nan ina hura wuta, sai na ji sallama a bakin kango, muryar ta dushe har ban gane ta ba. A bayan motar gawayi ya zo, ya yi baƙi ƙirin, ba hula, ba hauya, takalmi ƙafa ɗaya ya tsinke ya ɗaure da leda. Na zube a ƙasa. Yara suka rufe shi da kuka. Na duba jikinsa ba rauni, sai tafin hannunsa da ya farfashe yana ruwa.

Sai da ya yi wanka ya sha kunu, ya kori yara waje, sannan ya gaya mini. Ranar da ya isa, bai gama kunya goma ba suka fito masa daga cikin gamba. Ba su doke shi ba. Babbansu, yaro ne da Malam ya isa haifarsa, ya tambaye shi ko shi ne mai gonar. Ya ce shi ne. Yaron ya ce tun ranar da aka yi binnen suka gani, suna ta jira su ga abin da zai fito, kuma sun gode, don duk yankin ba gero kamar wannan. Gonakin da aka bari saura ba su da amfani a wurinsu. Wannan kuwa sun karɓa. Suka tattaro mutanen gari da suka rage, har da maƙwabcin da ake cewa yana son shigo mana da kunya, aka sa su gayya a gonar Malam, da masu bindiga a gindin tsamiya. Da aka gama tasa aka wuce da su har da shi wasu gonakin cikin daji. Shi aka sa ya riƙa nuna wa mutane yadda za a rage geron, tun da shi ya san ƙasar.

Yana magana yana kallon hannuwansa. Ya ce, “Ni na nome ta da hannuna, tun daga tsamiya har gamba. Ba ta taɓa yin kyau irin na bana ba. Amma ba tawa ta ba yanzu.”

Na ce Alhamdu lillahi da suka bar shi da ransa, gona kuwa Allah ya mayar da alheri. Da gaske nake, har cikin raina na ji wani nauyi ya sauka, na ce yanzu dai ba abin da ya rage da zai ja shi can. Sai ya ce akwai saura. Da za su sake shi, yaron nan ya ce masa ya dawo lokacin maimai, noma na biyu, in ya zo za su san abin da za su ba shi in an girbe.

Na ce, “Malam, za ka?”

Ya ce, “Ba ni komawa.”

Na sauke numfashi. Ya jingina da bulo, ya daɗe yana kallon ƙofa. Na ɗauka barci ne ya fara ɗaukarsa, har na miƙe zan kwashe kwano.

Sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, “Sai dai waɗancan ba su san maimai ba. In anka makara da shi, ciyawa cinye shi za ta yi.”

Na ajiye kwanon na koma na zauna. Washegari hannunsa bai warke ba ya naɗe shi da tsumma ya ɗauki kurar ruwa. Daga ƙofar kangonmu in ka fita titi, hagu cikin gari ne, dama hanyar tasha. Na bar wanke-wanke na bi shi a baya, na laɓe a jikin katanga har na ga ya karya hagu. Haka na yi kowace safiya har aka girbe gero a shekarar nan, kuma ko sau ɗaya bai isa mararrabar ba tare da ya ɗan tsaya ba.